Waƙa Ɗaya, Gidaje Biyar

Ya kai mai karatu, ban sani ba ko ka taɓa tsayawa a sujada ranar Lahadi, mai ɗaga waƙa ya ɗauko ta daga sama ƙwarai, kafin a kai tsakiyar baiti muryoyin dattawa sun faɗi ɗaya bayan ɗaya, mata kaɗan suka rage suna fama, mai kibod kuwa yana ta laluben inda aka dosa. Ko kuma ka ga matasa sun ja waƙa da gudu, iyaye suna biye da su a baya, har aka ƙare baiti a wuri biyu. Muna yi wa irin wannan dariya a hanyar gida, amma ba kullum yake ƙarewa da dariya ba. Na san ikilisiyar da gardama a kan saurin waƙa ta sa dattawa biyu suka daina zuwa koyon waƙa shekara guda cur, kowannensu yana ganin shi ne mai kishin ɗaukakar Allah. Saboda haka ina so in kai ka ƙasar Jamus, kusan shekara 300 da suka wuce, mu ga yadda wani bawan Allah ya yi da waɗannan al'amura a cikin wata babbar waƙa tasa.

Kafin mu tashi, bari mu riƙe abubuwa uku. Na fari shi ne gidan waƙa, abin da masu kibod ke kira ki. Wanda ya koyi do re mi ya san cewa kowace waƙa tana da wurin da take fita da wurin da take komawa ta huta, wato do. Inda aka ajiye do ɗin nan, sama ko ƙasa, shi ne gidan waƙar, ana kuma kiran gidajen da haruffa: C, D, E da sauransu. Na biyu shi ne saurin tafiya, wato bugu nawa waƙa take yi a minti ɗaya. Na uku shi ne jituwa: waɗanne muryoyi ne suke zama tare lafiya, waɗanne gidaje ne kuma ake iya ƙetarawa daga ɗaya zuwa ɗaya ba tare da kunne ya ji an yi tuntuɓe ba.

An haifi Johann Sebastian Bach a garin Eisenach a shekara ta 1685, ya rasu a birnin Leipzig a 1750. Daga 1723 shi ne shugaban mawaƙa na majami'ar Toma Mai Tsarki a Leipzig, yana koyar da yaran makarantar majami'ar, yana kuma shirya waƙoƙin manyan majami'un birnin. Aikin ba mai sauƙi ba ne. A watan Agusta na 1730 ya rubuta wa majalisar birnin takardar koke, inda ya lissafta ɗalibansa fiye da 50, ya ce 17 ne kaɗai suka isa a dogara da su. Da irin waɗannan yara, da 'yan makaɗan gari, ya gabatar da waƙar da ake kira Shan Wuyar Ubangiji bisa ga Matiyu. Yawancin masana sun tsaya a kan cewa an fara rera ta ranar 11 ga Afrilu, 1727, a sujadar yamma ta Jumma'ar da ake tunawa da gicciye Ubangiji. Ya sake gyara ta a 1736, wannan gyararren kuwa shi ne ake rerawa a yau, shi ne kuma nake magana a kansa.

Waƙar ta ɗauki sura 26 da 27 na Bisharar Matiyu, daga juyin Martin Luther, ta rera su aya bayan aya. Akwai ƙungiyar mawaƙa biyu da ƙungiyar makaɗa biyu. Tana cin kusan awa uku, an raba ta kashi biyu, wa'azi kuma yana shiga tsakani. Mutum ɗaya yana ba da labari, wani yana rera maganar Yesu, wasu na Bitrus da Yahuza da Bilatus. Duk sa'ad da Yesu ya buɗe baki, masu goge sukan kewaye muryarsa da dogon sauti mai laushi. Wuri ɗaya ne suka yi shiru: inda ya yi kuka a kan gicciye cewa an yashe shi.

A tsakanin labarin, Bach yakan tsayar da kome ya sa wata waƙar ikilisiya wadda jama'a suka sani tun suna yara. Akwai launin waƙa ɗaya da ya dawo da shi har sau biyar. Tarihin launin nan abin mamaki ne. Wani mawaƙi mai suna Hans Leo Hassler ne ya buga shi a 1601, asalinsa kuwa waƙar soyayya ce, ta saurayin da budurwa ta rikita masa tunani. Ba a daɗe ba ikilisiya ta ɗauki launin ta ɗora masa kalmomin jana'iza. A 1656 aka haɗa shi da kalmomin wani fasto, Paul Gerhardt, a kan kan Yesu mai jini da raunuka. Gerhardt ya rayu cikin Yaƙin Shekara Talatin, wanda ya cinye Jamus daga 1618 zuwa 1648. Ya binne matarsa, ya binne huɗu daga cikin 'ya'yansa biyar. Mutumin da ya san bakin kabari haka, kalmominsa ba sa fitowa da arha.

To, ga abin da Bach ya yi. Launin bai canja ba duk sau biyar ɗin, amma kowane karo ya sauya masa gida. A farkon layin rubutun waƙa akan sa alamomi masu nuna gidan: alamar ɗagawa, wadda ake kira shaf, ko alamar saukarwa, wadda ake kira filat. Karo na fari yana da shaf huɗu, na biyu filat uku, na uku shaf biyu, na huɗu filat ɗaya, na biyar kuwa ba alama ko ɗaya. Huɗu, uku, biyu, ɗaya, babu. Yadda ake tuɓe wa Ubangiji abokai, da daraja, da tufafi, da rai, haka ake tuɓe wa waƙar alamominta.

Karo na fari ya zo ne a Dutsen Zaitun, bayan Yesu ya faɗa wa almajiransa cewa za a bugi makiyayi tumaki su watse. Nan mawaƙa suka rera launin a gidan E, suna roƙon makiyayi ya san su ya karɓe su. Sai Bitrus ya miƙe da alkawarinsa, cewa ko kowa ya gudu shi ba zai gudu ba, ko da za a kashe shi. Nan da nan launin ya dawo, mawaƙa suna yin irin alkawarin Bitrus, cewa za su tsaya kusa da Ubangiji. Tsarin muryoyi huɗun kusan ɗaya ne da na farko, amma an saukar da shi rabin mataki, zuwa gidan E filat.

Ka dakata nan, mai karatu, gama akwai abin lura. Kowane gida yana da muryoyi bakwai. Gidajen da suke dangin juna na kusa, kamar C da G, sun haɗa shida daga cikin bakwai ɗin, shi ya sa ake shiga ɗaya daga ɗaya kamar ƙetare soro. Amma E da E filat, ko da yake rabin mataki ne tsakaninsu, muryoyi biyu kaɗai suka haɗa. A kan kibod suna maƙwabtaka, yatsa ɗaya ya raba su, amma a dangantaka suna cikin mafi nisa. Wannan doguwar tafiya Bach ya yi ta ne a cikin 'yan layukan da Bitrus yake cika baki. Bakin yana faɗar tsayawa, muryar kuwa ta riga ta zame ƙasa. Mutum yana iya zama dab da Ubangiji a ganin ido, kalmominsa daidai, wurin zamansa a majami'a bai canja ba, alhali zuciyarsa ta koma wani gida dabam.

Karo na uku yana gaban Bilatus, inda ake ta ƙarar Yesu bai amsa ko kalma ɗaya ba, har gwamna ya yi mamaki. Launin ya sake sauka rabin mataki zuwa gidan D, da wasu kalmomin Gerhardt waɗanda ya gina a kan Zabura 37:5, masu koya wa mai wahala ya danƙa hanyarsa ga Allah. Karo na huɗu ya biyo bayan ba'ar sojoji, da rawanin ƙaya, da tofi, da dukan kai da sanda. Kunne yana jiran a ƙara sauka, sai Bach ya ɗaga launin sama da duk inda ya taɓa kaiwa, da filat ɗaya, aka kuma rera baiti biyu. A daidai inda mutane suka fi ƙasƙantar da shi, nan ikilisiya ta fi ɗaga murya ta gaishe shi.

Karo na biyar yana zuwa da zarar mai ba da labari ya ce Yesu ya yi kuka da babbar murya ya saki ransa. Launin ya faɗo ƙasa da duk sauran. Kalmomin addu'a ce ta mai bi, cewa ran da zai bar duniya kada Ubangiji ya bar shi. A wurin da ake maganar tsoron zuciya, muryoyin ƙasa suna jan jiki da rabi rabin mataki, suna gogar juna. Sa'an nan baitin ya ƙare ba tare da ya koma gida ba. Karo huɗun farko duk sun sauka a kan do sun huta, wannan kuwa ya tsaya a rataye kamar tambaya. Abin da ya biyo baya shi ne yagewar labulen Haikali da girgizar ƙasa.

Yanzu bari mu duba wani mutum wanda jama'a ba su gani ba a ranar, wato mai kaɗa ogan, babban abin kiɗan nan mai bututu da iska. A Leipzig na zamanin Bach ba a daidaita kayan kiɗa a ma'auni ɗaya ba. Ogan ɗin majami'a yana sama da sarewa da algaitun Turawa da mataki ɗaya cikakke. In mai ogan ya taɓa C, mai sarewa ma ya busa C, sauti biyu dabam ne za su fito. Ba a iya yanke bututu ko ƙara musu tsawo saboda sujada ɗaya, don haka sai a rubuta wa mai ogan takardarsa dabam, a saukar da ita mataki ɗaya. Sa'ad da kowa yake gidan E, shi yana kaɗa D. Sa'ad da suka koma E filat, shi yana D filat, gida mai filat biyar, mai wuyar yatsa, wanda tsofaffin ogan ba sa ƙaunarsa. Takardarsa ba ta yi kama da ta kowa ba, ya ɗauki wahalar da ba wanda ya sani, domin abin da ya isa kunnen jama'a ya zama ɗaya.

Me ya sa tsohon ogan ba ya ƙaunar wasu gidaje? Dalilin yana cikin halittar sauti kanta. In ka raba tsirkiya biyu daidai, za ta ba ka do na sama. In ka kaɗa kashi biyu cikin uku nata, za ta ba ka so. Waɗannan tazara biyu su ne mafi tsabta a kunne. Amma in ka hau daga do zuwa so, ka mai da so ɗin ya zama sabon do, ka yi ta haka har sau 12, ya kamata ka dawo kan muryar da ka fara. Ba ka dawowa daidai: kana wuce ta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na rabin mataki. Ɗan ragowar nan dole wani ya ɗauke shi. Masu gyaran ogan na dā sukan tsabtace gidajen da aka fi amfani da su, su tara dukan kuskuren a lungu ɗaya. In mai kiɗa ya ratsa ta lungun sai a ji sauti yana haushi, har suka sa masa suna kyarkeci. A 1691 wani mai kaɗa ogan, Andreas Werckmeister, ya buga littafi yana nuna yadda za a raba ragowar a kan muryoyi da yawa, kowace ta rage kaɗan daga cikakkiyar tsabtarta. A 1722, yana garin Köthen, Bach ya rubuta jerin kiɗa da ya ratsa dukan gidaje 24, domin ya nuna cewa abin kiɗan da aka daidaita da kyau yana iya shiga ko'ina. Kibod ɗin da ke majami'arku a yau ya raba ragowar daidai wa daida a kan muryoyi 12. Ba so ɗaya a cikinsa da yake cikakke tsantsa, amma saboda kowanne ya sassauta kaɗan, ba gidan da aka rufe.

Saura batun saurin tafiya. Bach bai rubuta adadin bugu a kan waƙarsa ba, domin na'urar ƙidayar bugu ba ta fito ba sai 1815, lokacin da Johann Mälzel ya yi mata rajista, shekara 65 bayan rasuwarsa. Mawaƙan zamaninsa sukan gane sauri daga ma'anar kalmomi, da irin awon da aka rubuta, da girman ɗakin da ake rerawa. Wani mai busa sarewa, Johann Joachim Quantz, ya ba da shawara a littafinsa na 1752 a auna da bugun jinin lafiyayyen mutum, kimanin 80 a minti.

Bayan rasuwar Bach waƙar ta kwanta shekaru masu yawa, har ranar 11 ga Maris, 1829, da wani saurayi ɗan shekara 20, Felix Mendelssohn, ya tashe ta a Berlin, da mawaƙa fiye da 100, bayan ya rage tsawonta ƙwarai. Daga nan aka saba rera ta da taro mai yawa, taro mai yawa kuwa tafiyarsa a hankali take. A farkon shekarun 1960 Otto Klemperer ya ɗauke ta a faifai a Landan, babin buɗewa kaɗai ya ci masa kusan minti 12. A 1970 Nikolaus Harnoncourt ya ɗauke ta da irin kayan kiɗan zamanin Bach, da muryoyin yara maza, da sauri mafi sauƙi. A yau masu bin wannan hanya sukan gama babin nan a wajen minti 7. Rubutu ɗaya ne, ba a ƙara ko ɗigo ba. A hannun na farko kana jin jerin masu makoki ɗauke da kaya mai nauyi, a hannun na biyu kana jin taron da ke gaggawa zuwa Golgota. Dukansu sun sa mutane kuka. Amma ba wanda ya taɓa rera ta da sauri biyu a lokaci ɗaya. Ko ƙungiyoyi biyun da Bach ya raba, masu tambaya da masu amsawa, bugu ɗaya suke bi.

Ɗan'uwa, me wannan tarihi yake faɗa mana? Launin waƙar nan ya shiga gidaje biyar bai ɓata ba, gama kowane karo ya sunkuya ga abin da labarin Ubangiji yake bukata a wurin. Hausawa sun ce in kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja. Gida da sauri bayi ne, Maganar ce uwargijiyarsu. Manzo Bulus ya tuna wa Korintiyawa, a wasiƙarsa ta fari sura 14, cewa ko sarewa da molo in ba su fitar da sauti a rarrabe ba, ba mai gane abin da ake kaɗawa, ya kuma ce shi zai yi waƙa da ruhu, ya yi da hankali kuma. Saboda haka tambayar da ta dace a wurin koyon waƙa ita ce: a wane gida ne tsohuwa da yaro za su iya kaiwa tare, da wane sauri kuma za a ji kalmomin? Waƙar tuba tana da tafiyarta, waƙar tashin matattu tana da tata. Mai ɗaga waƙar da ya zaɓi gida domin a ji kyan muryarsa ya bar ikilisiya a ƙasa. Dattijon da ya ƙi motsi domin haka aka rera a zamaninsa, shi ma ya riƙe abin da ba nasa ba.

Al'amarin kuma ya wuce waƙa. A kowace ikilisiya, a kowane aure, a kowace majalisar dattawa, akwai ɗan ragowar da ba ya rabuwa daidai, ko da kowa yana da gaskiyarsa. Hanya biyu ce. Ko mu tsare tsabtar ra'ayinmu, mu tara dukan nauyin a kan mutum ɗaya ko ƙabila ɗaya ko gwauruwar da ba ta da mai magana, sa'an nan mu yi mamaki ran da kyarkeci ya yi haushi a tsakiyar sujada. Ko kuwa kowa ya rage kaɗan daga abin da yake ganin haƙƙinsa ne. Wannan ita ce koyarwar Filibiyawa sura 2, inda aka ce kowa ya dubi amfanin ɗan'uwansa, aka kuma nuna mana Almasihu wanda bai riƙe matsayinsa kankan ba, ya sauko mataki bayan mataki har mutuwar gicciye. Wataƙila kai ne mai ogan a gidanku, takardarka ta fi ta kowa wuya, ba kuwa wanda ya sani. Ka ci gaba da kaɗawa. Wanda ya rubuta takardar ya san filat nawa ya ba ka.

Ban gama maka labarin launin nan ba. Shekara bakwai bayan 1727, a lokacin Kirsimati na 1734, Bach ya gabatar da wata babbar waƙa a kan haihuwar Yesu, kashi shida, a majami'un Leipzig. Waƙar ikilisiya ta fari da ya sa a cikinta, launin nan ne na shan wuya, a hankali, da tambayar yadda za a marabci Mai Ceto. Ta ƙarshe ma shi ne, amma a wannan karo a gidan D, gidan da ƙahonin zamanin suke iya busawa, da ganguna, da sauri na murna, kalmomin suna shelar cewa an karya ikon mutuwa da Shaiɗan da zunubi. Baitin da ya tsaya a rataye a gindin gicciye, a nan ya koma gida ya zauna. A ƙarshen rubuce-rubucensa na majami'a Bach yakan sa haruffa uku, S.D.G., ma'anarsu a Latin ita ce ɗaukaka ga Allah shi kaɗai.

Ran Lahadi mai zuwa, in aka ɗaga waƙa, ka saurari wanda ke gefenka kafin ka saki muryarka.

Ya Ubangiji Yesu, kai da ka sauko domin mu iya kaiwa inda kake, ka koya mana sassauta wa juna. Ka tsare mu daga alkawarin baki alhali zuciya ta zame. Sa'ad da waƙar ranmu ta tsaya a rataye, ka riƙe mu har ran da za ka kai ta gida. Amin.